Mai ɗaukar sauti da kayansa: wa ya kamata ya biya kuɗin na'ura?

Sabon Hannu, Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da ke cikin wannan zaure. Na daɗe ina riƙe sandar bum, wato doguwar sandar da ake ɗaga makirufo da ita a saman 'yan wasa, a ƙarƙashin maigidana, kuma yanzu ya ba ni izinin in fara karɓar aiki da kaina. Abin da na tara ba zai isa in sayi rikoda mai kyau da makirufo mai kyau a lokaci guda ba, dole sai ɗaya ya jira ɗaya, don haka ina so a gaya mini wanda ya kamata in fara saye. Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna. Furodusan da ya fara nemana don wani shiri mai dogon zango ya ce kuɗin da zai ba ni ya haɗa da ni da kayana gaba ɗaya, alhali ina jin cewa a wasu wurare kuɗin aiki daban ne, kuɗin hayar kaya kuma daban. Shin haka abin yake, ko kuwa ni ne nake son wuce gona da iri tun ban fara ba?

Baba Mai Sauti:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a cikin wannan niyya. Amsar tambayarka ta farko ba ta da wuya: ka fara da makirufo. Rikoda na'ura ce mai tsufa da wuri, domin kowace shekara biyu ko uku sai kamfanoni sun fito da sabuwa wadda ta fi ta jiya araha da ƙarfi, amma makirufo mai kyau yana iya kai ka har ka yi furfura. Sennheiser MKH 416 tun cikin shekarun 1970 ake ƙera shi, kuma har yau shi ne a bakin sandar masu sauti da yawa a duniya, saboda yana jure danshi da zafi fiye da yawancin takwarorinsa. Sabonsa yana kaiwa wajen dala 1,000. Idan wannan ya fi ƙarfinka, Rode NTG3 yana bin sawunsa a kuɗin da bai kai haka ba. Ka haɗa shi da ƙaramar rikoda irin Zoom F3 ko F6, ko ma ka ari ta maigidanka na ɗan lokaci, aikinka zai fita.

Sai dai ka riƙe wani abu da ba a cika faɗa wa sababbi ba. Dogon makirufo irin wannan na aiki a fili ne, ba na cikin ɗaki ba. A cikin falon da aka shimfiɗa wa tayil, aka shafe bangonsa da siminti, muryar ɗan wasa tana dukan bango ta dawo ta shiga ta tsagogin da ke gefen makirufon, sai ka ji sautin ya yi wani irin rami. A irin wannan ɗaki gajeren makirufo ya fi, kamar MKH 50, ko Audio-Technica AT4053b ga mai ƙaramin ƙarfi. Tun da mafi yawan finafinanmu a falo da ɗakin kwana ake yin su, ka yi tunani sosai a kan wanda za ka fi bukata kafin ka fitar da kuɗinka.

Game da tambayarka ta biyu, ba ka wuce gona da iri ba. A Turai da Amurka mai sauti yana rubuta layi biyu a takardar kuɗinsa, ɗaya na yininsa, ɗaya na jakarsa. Dalilin a fili yake: batir yana ƙarewa, igiyar makirufon ƙirji tana tsinkewa, gashin da ke tare iska yana zubewa, kuma duk waɗannan da dala ake sayen su.

Furodusa Mai Dogon Zango:
Baba, ina girmama maganarka, amma ka bar ni in faɗi ta ɓangarenmu, domin a zauren nan an saba ɗora wa furodusa laifin komai. Kasuwar da ka sani ta kaset da faifan CD ta mutu. Yau yawancinmu a YouTube muke sakin aiki, muna jiran abin da talla za ta kawo, ko kuma mu kai wa gidan talabijin ya biya lokacin da ya ga dama. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan aka saki naira a watan Yunin wannan shekarar, kuɗin mota da na janareto da na abincin ma'aikata duk sun ninka, amma abin da ake samu bai bi su ba. Mai kyamara yana zuwa da kyamararsa da ruwan tabarau ɗinsa, mu yi ciniki ɗaya a wuce wurin. Me ya sa mai sauti zai zo mini da takarda biyu?

Kuma a faɗi gaskiya, ƙananan makirufo marasa waya irin Rode Wireless GO da DJI Mic sun sauya lissafi. Ana maƙala wa ɗan wasa, sautin ya shiga kyamara kai tsaye, babu mai sanda, babu mai jaka. Mai kallonmu a waya yake kallo, a cikin adaidaita sahu ko a bakin shago, da lasifikar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Wane bambanci zai ji tsakanin makirufon dala 1,000 da na dala 200?

Edita:
Alhaji, ka yi haƙuri in amsa maka wannan, domin duk abin da aka yi sakaci da shi a lokeshin a teburina yake ƙarewa. Mai kallo a waya shi ne ya fi kowa bukatar sauti mai tsabta. Wanda ke zaune a silima yana da lasifikoki manya da shiru a kewaye da shi, amma wanda ke bakin titi da ƙaramar lasifika, idan murya ba ta fito sarai ba, ba zai ji komai ba, zai wuce zuwa wani bidiyon. Mutane suna yafe hoto mai ɗan duhu, ba sa yafe maganar da ba su ji ba.

Kalmar da na fi tsoro ita ce "za a gyara a wajen editin". Gaskiya ne akwai manhajoji irin iZotope RX da ke rage ƙarar janareto da hucin iska, kuma sun ƙara ƙwarewa a 'yan shekarun nan. Amma duk lokacin da ka matsa musu, tare da hayaniyar suke cinye gefen muryar, kuma a Hausa gefen nan ne ke rarrabe baƙaƙe irin su ƙ da k, ko ts da s, sai ka ji jarumi yana magana kamar bakinsa cike da ruwa. Idan abin ya ƙi, sai a kira 'yan wasa situdiyo su maimaita magana a kan hoto, kuma Alhaji ya fi ni sanin abin da ake kashewa wajen sake tara jarumai biyar da suka riga suka watse zuwa wasu ayyukan. Ko sun zo, kukan da mace ta yi a gaban kyamara ba ya dawowa daidai a ɗaki mai sanyi bayan wata biyu.

Akwai kuma batun inda aikin zai je. Duk wanda ke burin sayar da fim ga manyan dandamali ko tashoshin waje zai tarar da ƙa'idojin sauti a rubuce. Tashoshin Turai suna bin ƙa'idar EBU R128, wato 23 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS, Netflix kuma tana auna ƙarfin magana a 27 ƙasa da sifili, kuma irin waɗannan masu saye sukan nemi a ba su magana daban, kiɗa da sauran ƙararraki daban, domin su iya ɗora wani harshe. Sautin da aka cusa cikin kyamara a haɗe, muryar mutum biyu a layi ɗaya, ba ya rabuwa. Abin da nake roƙo daga kowane mai sauti shi ne fayil na WAV a kan 48 kHz da bit 24, kowane makirufo a layinsa. Awa guda ta layi ɗaya ba ta wuce kusan rabin gigabait ba, don haka ba a da uzurin cewa kati zai cika.

Hajiya Mai Kayan Sawa:
Ni ba mai sauti ba ce, amma ina so in sa baki, domin makirufon da Alhaji yake cewa ana maƙalawa kawai, a hannuna yake bi kafin ya hau jikin kowace jaruma. Namiji ba zai sa hannu cikin tufafin mace ba, kuma babu jarumar da za ta yarda, don haka ni ce mai sauti yake miƙa wa ƙaramin kan makirufon da filasta, ya tsaya a bakin ƙofa da abin sauraro a kunnensa yana gaya mini in ɗaga ko in sauke. Wanda ya san aikinsa yakan zo wurina tun da safe ya tambayi abin da kowa zai sa. Sabuwar shadda da ta sha bugu ita ce babbar abokiyar gaba, domin ko numfashi mutum ya yi sai ta yi ƙara. Leshi mai duwatsu yana gogar makirufo, sarƙa da awarwaro suna kaɗawa, hijabi mai santsi kuma yana zamewa a kansa duk lokacin da aka juya wuya. Atamfar da aka wanke ta yi laushi da yadin auduga su ne masu sauƙi.

Waɗancan ƙananan akwatuna da ake maƙalawa a wuyan riga sun dace da mai hira a titi, amma a fim dole a ɓoye su, kuma girmansu ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin mayafi sai an tura su can ƙasa inda murya ba ta kaiwa da kyau. Na sha ganin an ɗauki sin mai kyau, jaruma ta rungumi 'yarta tana kuka, ashe duk abin da ya shiga shi ne ƙarar yadi. Da akwai mai sanda a sama da ya ceci wannan sin ɗin. Shawarata ga wannan yaro ita ce ya riƙa tafiya da filastar asibiti mai laushi wadda ba ta cin fata, kuma ya koyi yin magana da mata cikin ladabi, domin rabin aikinsa a hannunmu yake.

Baba Mai Sauti:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da na manta. Alhaji, bari in dawo kanka. Ni ban ce ƙananan na'urorin nan ba su da amfani ba, ina da su a jakata. Abin da nake cewa shi ne kana biyan mai sauti ne saboda kunnensa da kuma bakinsa, wato mutumin da zai ce a dakata. A lokeshin kowa idonsa yana kan hoto: darakta yana kallon fuska, mai kyamara yana kallon haske, mai kwalliya tana kallon gumi. Mutum ɗaya ne kawai yake jin cewa injin markaɗe ya tashi a maƙwabta, ko akuya tana kuka a bayan katanga, ko an kusa kiran sallar la'asar a masallacin da ke kusurwa, don haka gara a ɗauki dogon sin ɗin yanzu.

Mafi yawan matsalolin sauti ana magance su ne kafin a kunna kyamara, kuma ba da kuɗi mai yawa ba. A tafi da mai sauti ranar duba lokeshin. Idan gidan yana bakin babban titi, zai faɗa tun kafin a biya kuɗin haya. Janareto a kai shi nesa da doguwar waya, a sa shi bayan gini, domin a fili duk lokacin da ka ninka tazara ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6. Wannan lissafin kuma shi ne yake aiki a kan makirufo: idan sanda ta yi nisa da baki ninki biyu, murya ta ragu da wannan adadin, hayaniyar wuri kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa ɗabi'ar nan ta kunna kyamara biyu a lokaci guda, ɗaya tana ɗaukar faɗin ɗaki ɗaya tana ɗaukar fuska, take kashe mu, domin faɗin hoton yana kora sanda zuwa rufi, sannan a yanka hoton kusa a ɗora masa murya mai nisa. Falo mai tayil a shimfiɗa masa darduma da barguna a inda kyamara ba ta gani. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki a kashe su yayin ɗauka, kowa ya yi haƙuri da zafi. Firiji ma a kashe, kuma tsohuwar dabarar masu sauti ita ce ka sa makullin motarka ko na babur ɗinka a cikinsa, domin ba za ka bar gidan ba sai ka buɗe shi, ka tuna ka mayar da wuta kafin naman matar gida ya lalace. Kafin a tashi daga kowane ɗaki kuma, a ba mai sauti rabin minti kowa ya yi shiru ya ɗauki numfashin wurin, wato sautin ɗakin idan ba a magana, wanda edita zai cike giɓi da shi. Rabin mintin nan shi ne abin da aka fi hana mu.

Mai kyamara da ka kawo misali da shi, idan ka bincika za ka tarar ya riga ya sa kuɗin kyamararsa cikin cinikin, ko kuma kai da kanka ka hayo ta daga wani wuri ka biya ba tare da gardama ba. Fitilu ma haya kake biya. Jakar sauti ce kaɗai ake ɗauka kamar da ita aka haifi mai ita.

Malam Na Damagaram:
Gaisuwa ga jama'ar zaure daga Nijar. Mu a nan finafinan wasa ba su kai naku yawa ba, abin da ya fi ciyar da mai sauti shi ne shirye-shiryen gaskiya, da aikin ƙungiyoyin agaji, da 'yan jaridar waje da ke zuwa su nemi ma'aikata na gida. Waɗannan da yini suke biya, kuma su da kansu suke tambayar jerin kayanka kafin su tambayi sunanka, domin a tsarinsu kuɗin kaya layi ne mai zaman kansa. Wannan sana'a tana da tarihi a ƙasarmu. Moussa Hamidou ya shafe shekaru masu yawa yana ɗaukar sauti tare da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya finafinai, a zamanin da rikodar Nagra mai zare, wadda Stefan Kudelski ya ƙera a Suwizalan, ita ce abin aiki, kuma sunansa yana rubuce a jikin finafinan kamar na mai kyamara. Ina kawo wannan ne domin ƙanenmu ya san cewa ba ƙaramin aiki ya zaɓa ba.

Ta wani ɓangaren mun fi ku sauƙi, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya, saboda haka farashin kaya ba ya tsalle mana dare ɗaya yadda yake yi muku. Ta ɓangaren ƙura kuwa mun fi ku wahala. A lokacin hunturu ƙura tana shiga maɓallan rikoda da ramukan filogi, iska kuma ba ta barin makirufo tsirara ko da na minti ɗaya. Kada ka sayi dogon makirufo ka ce kwandon tare iska da gashinsa sai daga baya, soson da ke zuwa a cikin kwali ba ya tare komai a fili. Kowane dare ka goge kayanka da burushi mai laushi, ka rufe su cikin akwati, kuma kada ka bar jaka a cikin mota a rana.

Injiniyan Tasha:
Ina da gargaɗi biyu ga Sabon Hannu idan lokacin sayen makirufo marar waya ya zo. Na farko, irin su Sennheiser G3 da G4 suna aiki ne a zangon UHF, wanda tashoshin talabijin ma suke amfani da shi, kuma kowane saiti yana da iyakar zangonsa a rubuce a jikinsa, misali 516 zuwa 558 MHz. Dole ka sa na'urar ta binciko gurbin da babu kowa a duk sabon wurin da ka je, domin abin da ya yi shiru a Kano yana iya yin ƙara a Kaduna. A Amurka an yi gwanjon zangon 600 MHz ga kamfanonin waya a 2017, aka hana masu makirufo amfani da mafi yawansa daga 2020, shi ya sa tsofaffin saiti na wannan zango suke yawo da araha a kasuwar kayan hannu. Kafin ka saya ka duba zangon, ka gwada shi a garin da za ka yi aiki. Ƙananan na Rode da DJI kuwa a 2.4 GHz suke, tare da Wi-Fi da Bluetooth, kuma jikin mutum yana tare su, don haka idan ɗan wasa ya juya baya a wuri mai cunkoso sauti yana iya yankewa. Na biyu, jabun MKH 416 da na abin sauraro Sony MDR-7506 sun cika intanet. Idan farashi ya yi daɗi fiye da kima, ka bar shi.

Kada kuma ka haɗa rikodarka da wutar janareto yayin ɗauka, domin wutarmu 50 Hz ce kuma gunjinta yana bin waya ya shiga sauti. Ka yi aiki da batir, ka yi caji da dare.

Furodusa Mai Dogon Zango:
Na karanta duka, kuma maganar Edita a kan sake tara jarumai ta taɓa ni, domin na biya wannan kuɗin kuma ban ji daɗinsa ba. Zan iya yarda da layi biyu, amma da sharaɗi. Idan na biya hayar kaya, to kayan su zo cikakku: kada a zo lokeshin a ce in aika a sayo batir, kada a ce makirufo ɗaya ne ke aiki alhali mutum uku ne a sin. Kuma shiri mai dogon zango da za a yi wata guda ana ɗauka ba zai biya farashin yini-yini irin na Turawan da Malam ya ambata ba, sai dai a yi jimla a rage. Game da kyamara biyu kuwa, Baba, ba zan daina ba, domin da ita nake gama sin goma sha biyar a rana. Abin da zan iya shi ne in sa darakta ya ba ku tek ɗaya, wato ɗauka ɗaya, na kusa a kowane sin mai muhimmanci.

Baba Mai Sauti:
Tek ɗaya na kusa ya ishe mu, Alhaji, kuma ragi a kan aikin wata guda adalci ne, ko'ina haka ake yi. Sharaɗinka na cikar kaya ma daidai ne. Ni kuma zan ƙara nawa domin yaron nan ya rubuta: a ba shi kafin alƙalami kafin ranar farko, a faɗi ranar biyan ciko, a kuma faɗi wanda zai biya idan ɗan wasa ya zauna a kan na'ura ko ya shiga ruwa da ita. Ko a saƙon WhatsApp ne a rubuta, domin a wannan sana'a an fi cin mutum ta hanyar "sai an saki fim". Mai riƙe sanda kuma a ba shi nasa daban, ba daga aljihun mai sauti ba.

Sabon Hannu, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na tsayar da shawara a kan gajeren makirufo tukuna, tun da shirin kusan duka a cikin gida ne, dogon kuma zan riƙa ara daga maigidana idan an fita waje. Saura abu ɗaya: ana ta cewa rikoda mai 32-bit float ba ta bukatar a daidaita ƙarfin sauti, wai ko an yi ihu ba ya fashewa. Gaskiya ne?

Edita:
Gaskiya ne a cikin rikodar kanta, kuma F3 da F6 duka suna da shi, don haka idan jarumi ya tashi daga raɗa zuwa ihu zan iya sauke shi a kwamfuta ba tare da ya fashe ba. Amma idan sautin ya riga ya fashe a cikin na'urar da ke jikin ɗan wasa kafin ya iso rikoda, babu abin da zai dawo da shi, kuma wannan tsari ba ya matso da makirufon da ya yi nisa. Ka tambayi editan shirin tun yanzu ko manhajarsa tana karɓar irin wannan fayil. Sannan ina roƙonka, ka sa rikodarka a kan firam 25 a daƙiƙa daidai da kyamara, ka tabbatar an buga allo a farkon kowane tek, ka rubuta lambar sin da ta tek a sunan kowane fayil, kuma kada ka goge katinka sai furodusa ya tabbatar maka cewa an kwafe shi a wuri biyu.